Farin Zoɓo da Karfasa

Sabitu ya dawo Marma da jaka ɗaya
da wata wuƙa mai kube da ba ya bari a taɓa.
Shekara huɗu yana yanka albasa
a kicin ɗin wani otal a Abuja,
har yatsunsa sun fi bakinsa sauri.

Da la'asar Baba Iro ya hauro daga kogi,
wando a naɗe, laka har gwiwa,
ya zube karfasa bakwai a faranti,
biyu ba su gama yarda sun mutu ba.

Sabitu ya tsuguna yana kankare ɓawo, ya ce,
"A can, in kifi ya hau wuta,
babban kuku kan karkato wata kwalba,
farar giyar inabi, mai launin ruwan kara,
ta yi cuuu a kasko, tururi ya tashi.
Ban taɓa kai ta baki ba, Allah ne shaida,
hancina kaɗai ya san ta:
tsami marar nauyi,
kamar ana yanka ɗanyen mangwaro a ɗakin maƙwabta."

Goggo Barira ba ta ɗago ba,
tana tsince tsakuwa a shinkafa.
Ta ce, "To, an ji."
Sai da ta gama ta miƙe, gwiwa na ƙara,
ta janyo ƙwarya daga bayan randa.
Farin zoɓo ne, girbin bara,
wanda ta shuka a kan iyakar gona.
Tun asuba ta jiƙa shi
da ta ga Iro ya saɓa koma.

Man gyaɗa kaɗan. Albasa. Citta ɗan yatsa.
Attaruhu ɗaya, shi ma ba a fasa shi ba.
Na miƙo daddawa, ta buge min hannu:
"Wannan in ta shiga tukunya
ba mai sake magana."
Kifi ya kwanta, ya yi ja ta gefe guda,
ta cika ludayi, ta kwarara.

Cuuu.

Ƙarni ya tsallake katanga ya gudu.
Sabitu ya bar wuƙarsa a ƙasa, ya matso.

Ragowar ta tace da farin ƙyalle a tulu,
sukari cokali guda, don kar ya yi rashin kunya,
ta naɗe tulun da jiƙaƙƙen buhu
ta ajiye inda iska ke ratsa zana.

Na ce, "Goggo, ga ja a buhu, ya fi kyan gani."
Ta ce, "Ja na nama ne.
Ba shi tsire, ba shi balangu,
shi da yaji su yi ta kokawa har gari ya waye.
Karfasa baiwar Allah ce mai ƙaramar murya,
ka haɗa ta da ja, ya zauna mata a ka.
Tarwaɗa ma, da kitsenta, fari take so,
sai dai a bar shi ya ƙara kwana."

Bayan magariba muka baje tabarma.
Kwaɗi sun fara, sauro sun aiko 'yan leƙen asiri.
Loma ɗaya, kurɓi ɗaya,
sai baki ya koma tsakar gida da sassafe,
an share, an yayyafa ruwa,
yana jiran loma ta gaba kamar ba a taɓa ci ba.

Sabitu ya daɗe bai ce komai ba.
Ya tsotse ƙaya, ya jera su a bakin faranti.
Can ya ce, "Da akwai lemon tsami..."
Goggo ta ce, "Da akwai, da ka matsa a naka."
Baba Iro ya yi dariya har ya ƙware.

Ran Talata motar Haɗeja ta ɗauke shi,
da mudu biyu na farin zoɓo a ƙulle cikin leda.
Wuƙar ya bar wa Goggo.
Ta juya ta, ta duba fuskarta a jiki,
ta mayar cikin kube, ta tura ƙarƙashin gado.
Da tsohuwar take yanka albasa har yau,
mai karyayyar ƙota ɗaure da roba.